Bargon Ƙyallaye: Aikin Ƙawaye Kafin Hunturu

Jawabin da matan da ke zaman ɗinki suka gabatar wa ikkilisiyoyin Tamawa da ƙauyukan kewaye, a farkon kaka.

   

An ba mu lokaci mu amsa tambayar da ake ta yi mana. Wasu suna cewa, "Me matan nan suke yi da tsummoki?" Wasu kuma sun ga muna bin teloli muna roƙon guntayen yadi, sun ɗauka wani sabon talauci ne ya same mu. To, bargo muke ɗinkawa. Muna tattara ƙyallayen atamfa da tsofaffin zannuwa, mu haɗa su, mu shimfiɗa su hawa uku, mu bi su da allura har su zama abu guda mai kauri. Turawa suna ce masa kwilt. Mu dai muna ce masa bargon ƙyallaye. Ba ƙungiya ce mai rajista ba, ba mu da shugaba mai hatimi, ba wanda yake biyanmu. Ƙawaye ne muke zama yini ɗaya a mako, daga bayan abincin rana zuwa la'asar. Abin da muke so mu faɗa muku yau shi ne, wannan aiki ya fi kyau a yi shi a taru, kuma kowace unguwa da ke da mata biyar ko shida masu shiri da juna za ta iya farawa a makon nan.

Bari mu fara da dalili. Kowa a nan ya san sanyin Disamba da Janairu. Da rana ga hazo da ƙura, da asuba kuma sanyi har cikin ƙashi, balle ga waɗanda suke kusa da ruwan Zobe ko bakin fadama. A wasu darare ma'aunin zafi kan sauka ƙasa da digiri 15. Babba mai ƙarfi zai jure. Jariri da tsoho da mara lafiya ba su da wannan ƙarfin. A lokacin ne tari da mura da ciwon haƙarƙari suke yawa ga yara. Kuma me muke yi idan mayafi bai isa ba? Sai mu shigo da kaskon garwashi ɗaki, mu rufe ƙofa da taga, mu kwanta. Wannan abu yana kashe mutane ta hanya biyu. Ko wuta ta kama tabarma ko katifa, ko kuwa garwashin ya fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari, ba ta da launi, mutum yana barci ta ɗauke shi. Kowace shekara ana jin irin wannan labari a ƙasar nan. Gidan da yake da isasshen abin rufa ba ya bukatar kwana da wuta.

Ga kuma abin da ya same mu a 'yan shekarun nan. Tun wajen 2019 hare-haren 'yan bindiga suka kori mutane da yawa daga ƙauyukan Batsari da Safana da Ɗanmusa da Kurfi da Dutsin-Ma. Wanda ya gudu da dare ba ya tsayawa naɗe bargo. Ya goya yaro, ya ja wani, ya tafi da tufafin jikinsa. Wasu sun koma gida, wasu suna nan a ɗakunan dangi, ɗaki guda mutum takwas, mayafi biyu. Sannan daga 2023, da aka cire tallafin man fetur, kuɗin kowane abu ya tashi, har da bargon kasuwa da na gwanjo. Uwar da take lissafin mudun hatsi ba za ta fara da bargo ba. Amma a ƙasan akwatinta akwai zannuwan da suka koɗe, a shagon tela kuma akwai tarin ƙyallayen da za a share a ƙone.

Kada wani ya ce wannan al'adar Turawa ce aka kawo mana. Wanda ya taɓa kallon hawan salla a Katsina ya ga 'yan lifida. Doki da mahayinsa duka a lulluɓe cikin wani abu mai kauri, mai launi iri iri, an yanka ƙyalle ja da rawaya da baƙi an jera. Menene lifidi? Yadi ne sama, yadi ƙasa, an cusa audugar rimi a tsakani, an bi da ɗinki kusa da kusa don kada ta motsa. A zamanin yaƙi shi ne yake tare kibiya. Wani Bature mai suna Denham ya iso Kukawa ta Borno a 1823, kuma littafin tafiyarsa da ya fito a 1826 yana ɗauke da zanen wani mayaƙin Bagarmi, shi da dokinsa cikin lifidi. Ashe fiye da shekara 200 ke nan ana wannan ɗinki a ƙasashenmu. Akumarin jaki ma ɗan'uwansa ne. Haka kuma kakanninmu masaƙa: saƙarsu siririya ce, faɗinta bai wuce tafin hannu ba, sai an jera ta da yawa an ɗinke kafin ta zama gwado ko luru. Wace uwa ce a nan ba ta taɓa yi wa wandon yaro maho ba? Duk abin da ake bukata muna da shi a hannu. Bambancin kawai, su sun yi domin kibiya, mu muna yi domin sanyi.

A wasu ƙasashe ma talakawa ne suka riƙe wannan sana'a. A jihar Alabama ta Amurka akwai wani ƙauye, Gee's Bend, wanda kogi ya kewaye shi kusan ta kowane gefe. Mutanensa baƙaƙe ne, jikokin bayi, manoman auduga. Gidajensu na katako ne, iska tana shiga ta ko'ina, don haka matan suka riƙa yanka tsofaffin wandunan aikin mazajensu da buhunan da suka ƙare suna yin barguna. Ba su yi don kowa ya yaba ba. A 2002 aka rataye bargunan nan a babban gidan nunin kayan fasaha na birnin Hustan, mutane suka yi ta mamaki, a 2006 kuma gwamnatin Amurka ta buga hotunansu a kan kan sarki. Nan kusa da mu, a Laberiya, akwai wata tsohuwa Martha Ricks, wadda aka haifa cikin bauta a Amurka aka kawo ta Afirka tana yarinya. Ta ɗinka bargo mai zanen itacen kofi, a 1892 ta shiga jirgin ruwa, tana da shekara fiye da 70, ta kai wa Sarauniya Biktoriya ta Ingila hannu da hannu. Haka nan bargunan da ƙungiyoyin agaji na ikkilisiya suke aikawa wuraren yaƙi da yunwa, irin su Mennonite Central Committee da aka kafa a 1920 da Lutheran World Relief da aka kafa a 1945, ba daga masana'anta suke fitowa ba. Matan ikkilisiyoyi ne, da yawansu tsofaffi a ƙananan garuruwa, suke taruwa su ɗinka da ragowar yadi. Da muka ji haka sai muka ce, to mu me muke jira? Jirgi ya kawo mana abin da yake cikin akwatinmu?

Yanzu ga yadda ake yi. Za mu ɗan daɗe a nan, domin a nan ne aiki yake gyaruwa ko ya lalace.

Da farko a tara kaya. Atamfar auduga ita ce gaba, sai shadda da ta tsufa, da rigunan makaranta, da zanen gado. Leshi da yadi mai santsi a ajiye su gefe: suna zamewa a hannu, ba sa riƙe ɗumi, kuma idan tartsatsi ya faɗa musu narkewa suke yi su manne a fata. Atamfar yanzu da yawa tana da haɗin roba ko da ido bai gani ba. In kina shakka, ki zare ɗan zare ki kusantar da ashana a waje. Auduga za ta ci ta bar toka mai laushi, da wari kamar na takarda. Mai roba za ta dunƙule ta zama ɗan ƙwallo mai tauri. Lokacin da ya fi dacewa a je wurin teloli shi ne gab da salla da gab da Kirsimeti, sa'ad da suke kwana a kan keke. A je da ladabi, a bar musu buhu, a koma a ɗauka. Mafi yawansu murna suke yi an rage musu shara.

Kome aka samo, sabo ko tsoho, a wanke shi da sabulu, a shanya a rana mai zafi, a goge da dutsen guga. Kada a tsallake wannan. Tsohon tufafi yana iya ɗauke da kwarkwata ko ƙazwa ko ƙwan kuɗin cizo, ba ma so mu kai wa mutum kyauta da ciwo a ciki. Sabon ƙyalle kuma yana iya zuba ko ya tsuke a wankin fari, ya ja maƙwabcinsa ya yamutse. Wurin da zane ya riga ya sane, har ana hangen rana ta cikinsa, a yanke a yar, ko a sa shi a tsakiya. Gefen zane ya fi tsakiyarsa ƙarko, domin tsakiya ce take shan zama da goyo.

Girman da ƙungiyoyin agajin nan suke amfani da shi inci 60 ne a faɗi, inci 80 a tsawo. A awonmu na gida, kamu uku da ɗan ɗori ke nan a faɗi, kamu huɗu da rabi a tsawo. Ya isa babba guda, ko yara uku a jere. Idan ƙyallayen manya ne, a yanka kwali mai kusurwa huɗu, inci 11 kowane gefe, a riƙa ɗora shi ana zanawa da alli ana yankawa. Rabin inci a kowane gefe zai shige cikin ɗinki, ya rage inci 10. Guda 48 ake bukata: shida a jere, layi takwas. Kwali ɗaya kowa zai yi amfani da shi. In kowace ta yanka da nata idon, ranar haɗawa za a ga kusurwa ba ta gamu da kusurwa ba, a fara kallon juna.

Amma gaskiya ƙyallen tela ba kasafai yake kai inci 11 ba. Yawanci dogaye ne sirara, ko masu baki uku daga yankan wuya da hannu. Kada a zubar da su. A shimfiɗa tsohon zane, a ɗora ƙyalle ɗaya, a kifa na biyu a kansa fuska da fuska, a ɗinke gefe ɗaya har da zanen da yake ƙasa, a buɗe, a danne da yatsa, a kawo na uku. Haka haka har zanen ya rufe. Wannan hanya ba ta bukatar awo, kuma a ganinmu ita ta fi kyau a ido, ko da yake akwai masu gardama a cikinmu.

Hawa uku muka ce. Na sama shi ne ƙyallayen da aka haɗa. Na ƙasa, wato shafi, zane biyu ne da aka haɗa ta tsawonsu. Zane guda yadi biyu ne, inci 72, faɗinsa kuma wajen inci 45, saboda haka biyu sun isa har da ragowar da za a kalmasa. Na tsakiya shi ne mai ɗumi. Ba kaurin yadi ne yake hana sanyi ba, iskar da take maƙale tsakanin hawa da hawa ce. Shi ya sa zannuwa uku marasa nauyi sun fi guda ɗaya mai nauyi. Abin da ya fi sauƙi a sa a tsakiya shi ne tsohon bargo da ya yage, ko tsofaffin zannuwa biyu, ko rigunan sanyi na gwanjo da aka farke aka shimfiɗa. Gurzajjiyar auduga tana da ɗumi ƙwarai, amma sai an bi ta da ɗinki kusa da kusa, in ba haka ba wanki ɗaya za ta taru a kusurwa kamar curin fura. Audugar rimi kuwa mu bar wa matashi da masu lifidi. Ba ta son wanki, kuma tana kama wuta nan da nan.

A share wuri, a shimfiɗa babbar tabarma, a ɗora shafi fuskarsa ƙasa, sai na tsakiya, sai na sama. A ja kowane gefe ya miƙe, a danne kusurwoyi da duwatsu masu tsabta. A fara kama shi da dogon ɗinki wanda za a warware daga baya. Sa'an nan a zauna kewaye da shi. Daga tsakiya ake farawa a nufi baki, don kada ya tara ciki. Hanya biyu ce. Ko a bi shi da ɗinkin hannu layi layi, tazarar yatsa uku ko huɗu, ko kuwa a ɗauki babbar allura da zare mai ƙarfi, a soka a fito, a ƙulla sau biyu, a yanke, a kowace tazarar tafin hannu. Ƙulli ya fi sauri, ɗinki ya fi daɗewa. Na jariri a yi masa ɗinki, kada a bar zare mai reto ko maɓalli da zai kai baki. A ƙarshe a naɗo ragowar shafi ta sama a kalmasa baki, sau biyu in da hali, gama baki ne yake fara mutuwa. Inda akwai keken ɗinki, ya yi haɗin ƙyallaye da kalmasa. Inda babu, hannu ya isa.

Abu ɗaya ƙarami: a ƙirga allurai kafin a fara, a ƙirga bayan an gama. Mu totuwar masara muke sokawa a jiki. Allurar da ta ɓace a tabarma ƙafar yaro ce za ta samo ta, wadda ta ɓace cikin bargo kuwa ta fi muni.

To, me ya sa sai an taru? Kusan kowace mace a nan tana da wani ɗinki da ta fara ta ajiye. Ba lalaci ba ne. Ga daka, ga ruwa, ga itace, ga gona, ga yara. Bargo guda a hannun mace ɗaya zai iya cin damina da rani bai ƙare ba. A hannun mata shida, mun ga yana ƙarewa a zama huɗu ko biyar. Ko shimfiɗa hawa ukun nan su miƙe, mutum ɗaya ba ya iyawa, sai da mai riƙe wancan gefe. Gayya ce, irin wadda maza suke yi a gona, sai dai tamu a inuwa take. Kuma aikin yana da wuri domin kowa. Mai kaifin ido ta yi ɗinki. Mai ƙarfin hannu ta riƙe almakashi. Tsohuwar da idonta ya raunana ta zaɓi launi, ta ce wannan ja kada ya zauna kusa da wancan, kuma yawanci ita ce da gaskiya. 'Yan mata su zura zare, su yi guga, suna kallo suna koyo ba tare da an ce musu makaranta ce ba.

Akwai kuma abin da ba a gani a jikin bargon. Mace za ta zo sujada shekara guda, ku gaisa a bakin ƙofa, ta ce lafiya lau, ba ki san kwana biyu ba a ɗora tukunya a gidanta ba. Amma in kun zauna gwiwa da gwiwa, ido yana kan allura, ba wanda yake kallon fuskar wani, magana takan fito da kanta. A wurin ɗinki ne muka san wadda ɗanta yake zazzaɓi ba kuɗin asibiti. A nan ne wadda aka kashe mijinta ta fara buɗe baki bayan watanni. Ba mu yi mata wa'azi ba, mun dai miƙa mata zare. Idan wata ba ta zo ba mako biyu, wurinta a bakin tabarma yana nan a buɗe, dole a tura a dubo. An ce zumunta a ƙafa take. Mu mun ga tana a yatsa ma.

Maƙwabtanmu Musulmi suna cikin wannan. Da yawa a cikinsu sun fi mu iya allura, domin sun girma da ɗinkin hula da na zanen gado. Sanyi bai san wanda ya je majami'a da wanda ya je masallaci ba, waɗanda suka kore mu daga gonaki ma ba su tambaya ba. Idan wata ba ta iya fitowa, a kai zaman gidanta, da izinin maigidan.

Kada mu ɓoye muku, irin wannan zama yana da abubuwan da suke kashe shi, kuma guda biyu sun fi yawa.

Na farko baki. Inda mata suka buɗe cikinsu, nan ne kuma gulma take samun abinci. Dokarmu ita ce, abin da aka faɗa a kan tabarma a naɗe shi tare da tabarma. Wadda ba ta nan ba a yanka ta. In magana ta fara karkata, babba a cikinmu takan ce, "Ku kula kada allura ta tono garma," sai a yi dariya a sake zance. Ranar da sirrin wata ya fita kasuwa, ranar ce ta ƙarshe da za ta zo, kuma sauran za su rufe bakinsu.

Na biyu shi ne, bargon na wa? A yanke wannan tun ba a yanka ƙyalle na fari ba. Mu yadda muka shirya, kamar adashi ne: wannan na wance, mai zuwa na wance, har ya zagayo. Amma kowane na uku ba na kowa ba ne a cikinmu, na bayarwa ne. Wadda ta karɓi nata da wuri ba ta daina zuwa. Wadda ba ta da ƙyalle ko ɗaya da za ta kawo, hannunta ya isa, layinta yana nan daidai da na kowa. Wanda za a ba kuma, a yi shawara a natse: gwauruwa mai ƙananan yara, tsohon da ba shi da kowa, mai jego, iyalin da suka yi gudun hijira. A kai da yamma, mutum biyu, ba ganga, ba hoto a waya, ba kiran suna a gaban taro. Kuma a ba da mai kyau. Akwai jarabar a ce ai kyauta ce, a haɗa ko yaya. Kun tuna Dokas ta Yafa a Ayyukan Manzanni sura 9. Da ta rasu, gwauraye suka riƙa nuna tufafin da ta ɗinka. Ba wanda yake ɗaga abin kunya ya nuna wa baƙo.

Wasu maza sun tambaye mu, "To nawa ake samu?" Tambaya ce mai kyau, ga amsa ba rufa-rufa. In aka lissafa awoyin da mata shida suka zuba a bargo guda, ba wanda zai biya kuɗinsa a kasuwar ƙauye, ga bargunan waje masu araha a rataye a gefe. Wanda ya shiga wannan aiki da niyyar arziki zai yi fushi kafin Kirsimeti. Ribar ita ce kuɗin da ba a kashe ba, da yaron da ya yi barci, da kaskon da bai shiga ɗaki ba. Idan hannu ya faɗa, ana iya yin ƙananan abubuwa na sayarwa: shimfiɗar jariri, rigar matashi, jakar littattafai. Tun da aka buɗe jami'ar tarayya a Dutsin-Ma a 2011 akwai ɗalibai da ma'aikata daga kudu waɗanda hunturunmu yake ba su wuya, ana iya gwada su. Amma in kuɗi ya shigo, ko naira ɗari ce, a rubuta a littafi, mutum biyu su sa hannu, a karanta a gaban kowa, a sayi zare da allura da sabulu. Mun ga zumuntar shekara ashirin ta watse a kan canjin da bai kai kuɗin mudun gero ba.

Ga iyayenmu maza, roƙonmu kaɗan ne. Ku bar matanku su zo, yini ɗaya ne a mako, kuma muna tashi da sauran rana domin kowa ta isa gida kafin duhu. Ba ma yarda wata ta bi hanyar daji ita kaɗai. Shi ya sa muke cewa kowace unguwa ta yi nata zaman, kada a taru a wuri ɗaya mai nisa. Ku duba tsofaffin rigunanku da wandunan da kuka daina sawa. Wanda yake zuwa Dutsin-Ma ko Katsina da babur, ya ɗauko mana buhun ƙyallaye daga wurin tela. In akwai mai wasa almakashi, muna da aiki dominsa.

Wanda ya karɓi bargo, ga kulawarsa. A riƙa shanya shi a rana, a kakkaɓe. A wanke a hankali, kada a buga a kan dutse, a shanya a kwance ko a kan igiya biyu don nauyin ruwa kada ya tsinka ɗinki. Wurin da ya fara ɓulewa a yi masa maho tun yana ƙarami. Kada a rufe fuskar jariri da shi. Kuma bargo ba ya maye gurbin gidan sauro.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Yanzu muna farkon kaka, sanyi saura kamar wata biyu. Unguwar da ta fara a makon nan za ta iya gama biyu kafin ya kankama. Bayan an tashi, za mu shimfiɗa guda uku a ƙarƙashin bishiyar da ke bakin ƙofa: mai ƙulli, mai ɗinkin layi, da wanda ba a gama ba, domin ku ɗaga ku ga cikinsa. Mun yanko kwalaye na awo, kowace unguwa ta ɗauki ɗaya. Wadda take so mu zo mu zauna da su a zaman farko ta faɗa wa shugabar zumuntar mata ta ikkilisiyarta, biyu daga cikinmu za su zo. Ku tanadi tabarma, da allura, da zare, da zannuwa biyu da aka wanke.